Koci Ya Kai Ƙara, Amma Kada Ya Zaɓi Mai Usur

A makarantun sakandare na Amurka ƙwallon kwando babban al'amari ne. Daga Nuwamba zuwa Maris, samari fiye da rabin miliyan da 'yan mata fiye da 350,000 ne ke sa rigar makarantarsu su shiga fili. A ƙananan garuruwan jihohi irin su Indiyana da Kentaki da Kansas, daren wasa shi ne daren da gari ke haɗuwa, iyaye da kakanni da tsofaffin ɗalibai su cika zauren makaranta har babu masaka tsinke. A tsakiyar wannan hayaniya akwai mutum biyu ko uku masu riga mai ratsin baƙi da fari, kowa da usur a baki. A kansu ne ake wata muhawara da ta daɗe ba ta mutu ba: shin koci yana da ikon ya ce wane kada ya ƙara busa wasan ƙungiyarsa?

Amsar ta danganta da jihar da mutum yake. Ƙungiyar NFHS, mai hedikwata a birnin Indiyanafolis, ita ke rubuta dokokin wasan na makarantun sakandare, amma kowace jiha tana da hukumarta da ke tafiyar da gasa yadda ta ga dama. Alƙalan wasan kuma ba ma'aikatan makaranta ba ne. Da rana wani malami ne, wani ma'aikacin gidan waya, wani ɗan sanda, wani mai shago. Da yamma sai su sa riga su tafi busa wasa a kan ladan da sau da yawa bai kai dala 100 ba. Suna shiga ƙungiyar alƙalan yankinsu, inda ake da mai rabon wasanni, wanda ke cewa wane da wane ku je makaranta kaza ranar Talata. A wasu wurare koci yana iya miƙa wa mai rabon nan sunayen da ba ya so, a soke su daga wasanninsa, ba tare da ya faɗi dalili ba. A Teksas, hukumar UIL da ke ƙarƙashin Jami'ar Teksas ta Austin ta shimfiɗa ƙa'idar cewa sai makarantun biyu sun yarda da alƙalan kafin wasa, kuma fara wasan shi ne alamar an yarda. A Ohayo da Indiyana ra'ayin makarantu yana cikin abin da ake dubawa wajen zaɓen waɗanda za su busa gasar ƙarshen shekara. A wasu jihohin kuwa koci ba shi da ta cewa.

Ra'ayina shi ne a ba koci cikakkiyar hanyar kai ƙara, a saurare shi da gaske, amma kada a ba shi ikon soke sunan alƙali don kawai ya ga dama. Hukuncin raba alƙali da wata ƙungiya ya zauna a hannun wanda ba shi da ɗa a cikin wasan.

Kafin na kawo hujjata, adalci ne a ji ta bakin kociyoyi, domin kukansu ba na banza ba ne. Koci yakan kwashe watanni yana horar da yara, wani lokaci a kan ɗan alawus da ake ƙara masa bisa albashin koyarwa, kuma aikinsa yana iya tafiya idan aka yi shekara biyu ko uku ba nasara. Wasan minti 32 ne kacal, kashi huɗu, kowane minti takwas. Ɗan wasan da ya yi keta biyar ya fita ke nan. Idan alƙali ya busa wa gwanin ƙungiya keta biyu na ƙarya a kashin farko, yaron zai koma benci, kuma tsarin da koci ya yi mako yana shiryawa ya wargaje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kocin da ya ga alƙali ɗaya sau da yawa ya san wanda ƙafarsa ba ta iya bin gudun yara, ya san wanda bai karanta sabbin dokoki ba, ya san wanda ke zuwa fili da fushin gida.

Kuma ƙiyayya tsakanin alƙali da waɗanda yake busa wa wasa abu ne da yake faruwa, har a matakin ƙoli. A watan Afrilun 2007, a gasar ƙwararru ta NBA, gogaggen alƙali Joey Crawford ya kori Tim Duncan na ƙungiyar San Antonio Spurs daga wasa alhali Duncan yana zaune a benci yana dariya. A 2007 ɗin ne kuma asirin Tim Donaghy ya tonu, alƙalin da yake caca a kan wasannin da shi da kansa yake busawa, wanda daga baya aka yanke masa ɗaurin wata 15. Idan haka ta faru a inda kyamarori suka yi yawa, me zai hana ta faruwa a zauren wata makarantar ƙauye? Ga kuma matsalar ƙaramin gari, inda kowa ya san kowa. Alƙali na iya zama surukin kocin ɗaya ɓangaren, ko tsohon ɗalibin makarantar, ko mahaifin yaron da wannan kocin ya taɓa cirewa daga ƙungiya. Masu goyon bayan sokewa suna cewa hanya ce mai sauƙi ta raba mutum biyu da jininsu bai haɗu ba, ba tare da an yi tonon silili ba.

Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da su shi ne wajen maganin. A duba yadda aka warware rikicin Crawford da Duncan. Ba a ba Spurs ikon zaɓen alƙalansu ba. Shugaban gasar na lokacin, David Stern, shi ya dakatar da Crawford har ƙarshen kakar, ya kuma ci Duncan tarar dala 25,000 a kan kalaman da ya yi. Wanda ke sama da su duka biyun ne ya duba, ya ɗora wa kowa nasa laifin.

Babbar illar ikon sokewa ba a kan alƙalin da aka soke take faɗawa ba. Tana faɗawa ne a kan duk sauran da ba a soke ba tukuna. A ɗauki misali. Saura daƙiƙa takwas a tashi, masu gida suna baya da maki ɗaya. Gwaninsu ya kutsa da ƙwallo zuwa kwando, wani yaro na baƙi ya riga ya dasa ƙafafunsa a gabansa, suka yi karo, duka biyu suka zube. Alƙali yana da abin da bai kai ƙiftawar ido ba ya yanke: ko mai tsaro ne ya tare hanya ba bisa ƙa'ida ba, ko mai ƙwallo ne ya bangaje shi. Wannan yana cikin hukunce-hukunce mafi wuya a wasan. Zaure ya ɗauki ihu. Kocin masu gida, wanda ya shekara ashirin a kujerarsa, wanda makarantarsa ke da manyan wasannin da kowane alƙali ke son busawa, yana tsaye taku biyar daga wurin, ya ɗaga hannuwa sama. Kocin baƙi kuwa sabon zuwa ne daga wata ƙaramar makaranta mai nisa. Alƙalin nan ba ɓarawo ba ne, ba wanda ya ba shi ko sisi. Amma ya san a zuciyarsa cewa ɗaya daga cikin mutanen nan biyu yana iya share sunansa gobe da safe, kuma share sunan zai rage masa wasanni da kuɗi da damar kaiwa gasar jiha. Ba sai ya yi niyyar son kai ba. Ya isa a ce a wurin da hukunci yake rabi da rabi, hannunsa ya ɗan karkata.

Wannan ba zargi ba ne na fatar baki. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa matsin da ke kewaye da alƙali yana shiga cikin usur ɗinsa ba da saninsa ba. A littafinsu na 2011 mai suna Scorecasting, Tobias Moskowitz da Jon Wertheim sun kafa hujjar cewa babban kaso na rinjayen da masu gida ke samu a wasanni yana zuwa ne daga yadda alƙalai ke karkata ga taron jama'a. A 2020, da annobar korona ta sa aka buga ƙwallon ƙafa a Turai ba 'yan kallo, an ga bambancin katin da ake ba baƙi da na masu gida ya ragu. Idan ihun mutanen da ba su da iko a kan abincin alƙali yana iya yin haka, ina ga kallon mutumin da ke riƙe da alƙalamin soke sunansa? Mai bin ƙwallon ƙafa a ƙasashenmu ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san abin da yakan biyo baya idan jin daɗin alƙali da lafiyarsa suka rataya a wuyan masu masauki.

Sai tambaya ta biyu: wa ake sokewa? Da a ce malalata da jahilan doka kaɗai ake cirewa, da da sauƙi. Amma koci ɗan Adam ne, kuma yakan ɗauki alƙalami ne a daren da aka ci shi. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne alƙalin da ya busa masa laifin rashin ɗa'a a gaban jama'arsa, wanda ya ce masa ya koma wurinsa ya daina shiga fili, wanda bai bari an yi masa tsawa ba. Wato tsarin yana hukunta mai tsayawa a kan doka, yana saka wa mai kau da kai. A hankali alƙalai suna koyon darasin: ka bar manyan kociyoyi su yi ta faɗa, ka haɗiye, ka tsira da wasanninka. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka take naka ka hango na wani. Kocin da yaransa suka zubar da jifa goma daga layi ya fi saurin tuna usur ɗaya da bai yi masa daɗi ba.

Sokewar da ba a neman dalilinta kuma mafaka ce ga abin da mutum ba zai iya faɗa a fili ba. A watan Fabrairun 2008, wata makarantar addini mai zaman kanta a Kansas, St. Mary's Academy, ta ƙi yarda mace ta busa wasan samarinta, abokin aikinta namiji ya bi ta suka fice tare. Ko me mutum yake gani game da matsayin makarantar, ta faɗe shi a fili, shi ya sa aka iya tattauna shi, hukumar jihar ta iya duba shi. Jerin sokewa na ɓoye yana ba kowa damar yin irin wannan ba tare da kowa ya sani ba. Ana iya cire mace don mace ce, a cire baƙar fata, a cire matashi don fuskarsa ba sananniya ba ce, kuma babu takardar da za ta nuna hakan.

Kotunan Amurka da na Ingila sun riga sun bi wannan hanyar sun ga ƙarshenta. A shari'ar da ake yi da masu taya alƙali yanke hukunci, lauya yana da damar ƙin wasu mutane ba tare da dalili ba. Da aka ga ana amfani da damar wajen tsame baƙaƙen fata, Kotun Ƙoli ta hana yin hakan saboda launin fata a shari'ar Batson da jihar Kentaki a 1986. Ingila ta soke wannan dama ga wanda ake tuhuma a 1988, jihar Arizona kuma ta soke ta gaba ɗaya daga farkon 2022. Abin da ba wanda ya soke shi ne ƙin mutum bisa dalili bayyananne, kamar dangantaka ko gaba ko wata maslaha. Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga wanda ya san fiƙihu, inda ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, amma sai an tabbatar da ƙiyayyar, ba a ɗauke ta daga bakin mai ƙara kawai ba.

Akwai kuma abin da ya sa maganar ta fi zafi a yanzu, wato ƙarancin alƙalan su kansu. A 2022 NFHS ta bayyana cewa kusan alƙalai 50,000 ne suka bar busa wasannin makarantun sakandare tun daga kakar 2018 zuwa 2019, idan aka haɗa dukkan wasanni. Ƙungiyar ta sha nanata cewa mafi yawan sabbin shiga ba sa wuce shekara biyu. A binciken da ƙungiyar alƙalan wasa ta NASO ta yi a 2017, wanda mutum fiye da 17,000 suka amsa, sun sa iyaye a kan gaba wajen rashin ɗa'a a fili, kociyoyi na biye da su. Waɗanda suka rage kuma shekarunsu suna ta ja.

A dubi teburin mai rabon wasanni a irin wannan hali. Daren Juma'a yana da wasanni talatin, yana buƙatar mutum uku a kowane, amma waɗanda ke hannunsa ba su kai ba. Wannan yana jinya, wancan aikinsa ya hana shi, wani ba zai iya tuƙin awa biyu cikin dusar ƙanƙara ba. A kan wannan sai ga jerin sunaye daga makarantu: kada a turo mana wane, kada a turo mana wance. Gogaggen da ya dace da babban wasan daren, ɗaya daga cikin kociyoyin ya soke shi. Dole ya tura wanda bai kai ba, ko ya rage alƙalan su koma biyu, ko a ɗage wasan. Kocin da ya soke don neman alƙalanci mai kyau ya ƙare da wanda ya fi na farkon rauni. Matashin da ya shiga aikin bara kuwa, wanda kuskure a wurinsa dole ne domin da shi ake koyo, idan ya ji an soke shi a makarantu biyu ba tare da an gaya masa abin da ya yi ba, sai ya ninke rigarsa ya ajiye. Ba wanda aka haifa da iya alƙalanci. Wanda ake yabo yau, an yi haƙuri da kurakuransa shekara goma da suka wuce.

Abu na ƙarshe a hujjata shi ne yaran, domin dominsu aka kafa wasan. Hukumomin jihohi suna kiran wasannin makaranta wani sashe na tarbiyya, shi ya sa ake kashe musu kuɗin jama'a. Yaro ɗan shekara sha shida yana jin abin da ake faɗa a motar komawa gida. Idan ya ji kocinsa yana cewa wancan alƙalin ba zai sake ganin filinmu ba, ya koyi cewa idan hukunci bai yi maka daɗi ba, sai ka nemi a canza mai hukuncin. Wannan mugun darasi ne ga wanda gobe zai zama ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko shugaba. Darasin da ya fi shi shi ne ya ga kocinsa ya ji zafi, ya bi hanya, ya kai ƙara da hujja, ya kuma karɓi abin da aka yanke.

To mene ne mafita, tunda na yarda akwai alƙalai marasa kyau? Na farko, maganar dangantaka kada a bar ta a hannun koci ma. Wajibi ne kowane alƙali ya bayyana a farkon kaka makarantar da ya yi, inda yake aiki, inda 'ya'yansa ko 'yan'uwansa suke wasa ko horarwa, a cire shi daga waɗannan wasanni kai tsaye. Wanda ya ɓoye a hukunta shi.

Na biyu, koci ya sami hanyar ƙara a rubuce, bayan an ba shi kwana ɗaya ko biyu zuciya ta huce. Ya faɗi abin da ya faru da lokacin da ya faru. A yau wannan ba wuya, domin makarantu da yawa suna ɗaukar wasanninsu a bidiyo, wasu ma ana nuna su kai tsaye ta intanet. Ƙarar ta je gaban ƙaramin kwamiti na tsofaffin alƙalai da tsofaffin kociyoyi da ba su da hannu a gasar. A sanar da alƙalin, a ji nasa bayanin, a ba koci amsa cikin ƙayyadadden lokaci. Mafi yawan fushin kociyoyi yana tasowa ne daga jin cewa sun yi magana ta faɗa rijiya.

Na uku, idan kwamiti ya ga akwai gaba ta gaske tsakanin mutum biyu, ko da ba a gane mai laifi ba, yana iya raba su na kaka ɗaya. Wannan ya biya buƙatar da masu son sokewa suke magana a kai, sai dai hukuncin ya fito daga wani na uku, yana da dalili, yana da ranar ƙarewa. Idan kuwa matsalar rashin ƙwarewa ce, raba shi da makaranta ɗaya ba magani ba ne, domin an tura shi ne ya je ya ɓata wa wasu yaran wasa. A mayar da shi wasannin ƙananan aji, a haɗa shi da gogagge, a sake gwada shi.

Na huɗu, a riƙa ƙirga ƙarar kociyoyi kamar yadda ake ƙirga kurakuran alƙalai. Idan koci biyar da ba su haɗa komai ba suka yi kuka da mutum ɗaya, akwai magana. Idan koci ɗaya ya yi kuka da alƙali takwas a kaka ɗaya, kuma duk bayan an ci shi, shugaban makarantarsa ya kamata ya kira shi. Game da gasar ƙarshen shekara kuma, a saurari makin da kociyoyi ke bayarwa, amma kada ya rinjayi rahoton masu sa ido da hukuma ke turawa, don kada zaɓen ya koma gasar farin jini.

Akwai shaidar cewa sa ido a fili yana gyara alƙalai. A 2007 masana tattalin arziki Joseph Price da Justin Wolfers sun fitar da binciken da ya nuna alƙalan NBA suna ɗan fi busa keta a kan 'yan wasan da ba launinsu ɗaya ba. Maganar ta bazu a jaridu. Da aka sake auna shekarun da suka biyo baya, sai aka tarar bambancin ya ɓace. Ba wanda aka ba ikon soke kowa. An dai nuna wa alƙalan abin da suke yi, suka san ana kallo.

Na san wannan tsari ya fi jerin sokewa wahala. Yana cin lokaci, yana buƙatar mutanen da za su zauna su kalli bidiyo, yana buƙatar kuɗin da hukumomin jihohi za su ce ba su da shi. Amma makarantar da ta iya gina zaure ta sayi riguna da motar kai yara, tana iya ba da gudummawar biyan masu sa ido. Hukumomin jihohin da har yanzu suke barin koci ya share suna ba dalili ya kamata su rufe wannan ƙofa, su buɗe ta ƙara a rana ɗaya, domin rufe ta farko ba tare da buɗe ta biyu ba zalunci ne ga kociyoyi. Yara goma da ke cikin fili, biyar na gida biyar na baƙi, suna da haƙƙi iri ɗaya a kan mai usur, kuma ba za su same shi ba muddin ɗaya daga cikin manyan da ke gefen fili yana iya raba shi da aikinsa.